Rajistar da Ta Sha Mai

Tsohon mai adana takardun jami'ar ya iso wurin mai suyar ta'amiyya, wani irin ƙosai, yana haki. An sayar da rajistar ɗaliban farko a kilo, mai suyar nan ya saya, kuma babu kwafinta.

"Ɗana, ina takardun?"

"Baba, ka makara. Na naɗe wa rabin unguwa ƙosai da su. Yau kowa da digiri ya karya!"

Tsohon ya tsaya tsakiyar layi, ya ɗaga murya. "Jama'a, don Allah kar ku yar da takardun! Sunayen iyayenku ne a ciki!"

Ya durƙusa yana duba takardun da aka yar a ƙasa.

Sai wata tsohuwa ta zuro kwandon sayen burodinta da igiya daga bene, ɗauke da shafi guda, duk maiƙo. Da ya ɗaga kai, sai ga igiyoyi na ta saukowa daga sauran benaye, kowace da kwando da shafi a ciki.