A Haɗa Dairek

Tun da aka sauya wa a-kori-kurar Isma'ila inji, hankalinsa bai sake kwanciya ba. Motar ta girmi babban ɗansa, amma ita ke kwashe amfanin gonar mutanen Dingaya zuwa kasuwa, da ita kuma yake ci da iyalinsa. Da tsohon injin ya buga, sai da ya sayar da shanun huɗarsa ya sayo na Beljiyam, wani bakanike ya ɗora masa a Gwaram.

Sabon injin ba irin na da ba ne, shi sai da famfon lantarki mai turo fetur daga tanki. Aka sa famfo, aka jona shi da tsofaffin wayoyin motar. Ta tashi garau, har Isma'ila ya fara washe baki. Ba a yi nisa ba ta yi tari ta mutu. Aka duba, fiyus, ɗan abin nan da ke yanke lantarki in ya yi yawa, ya ƙone. Aka sa wani, shi ma ya bi ɗan'uwansa.

Daga nan aka shiga wasan ƙwallo da bawan Allah. Bakanike ya ce shi ya gama nasa, saura na mai gyaran wayoyin mota. Mai gyaran waya ya ce famfon jabu ne. Mai sayar da famfo ya rantse kayansa lafiya lau. Shi kuwa Isma'ila tuƙi kawai ya sani. In ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya ga wayoyi sun cukurkuɗe kamar taliya, sai dai ya koma gefe ya yi tagumi.

Ga shi kaka ta yi, an jibge buhunan riɗi a ƙofar gidansa ana jiran ranar kasuwar Birnin Kudu. Cikinsu har da na Inna Mairama, wata tsohuwa maƙwabciyarsa da mijinta ya rasu, wadda noman shekararta ke nan gaba ɗaya. Kullum sai ta leƙo ta katanga.

"Isma'ila, motar ta warke kuwa?"

"An kusa, Inna," in ji shi, alhali bai san inda aka dosa ba.

Ana gobe kasuwa aka jawo motar zuwa wurin wani rewaya, wato mai gyaran wayoyin mota, mai suna Musbahu. Ya gwada nan, ya taɓa can, ya ɗago yana goge hannu.

"Malam Isma'ila, famfon nan ya fi ƙarfin tsohuwar wayarka, shi ya sa fiyus ke ƙonewa. Sai an ja sabuwa mai kauri, a yi mata nata fiyus. Ba ni da kayan a nan, sai jibi."

"Jibi? Kayan mutane fa suna ƙofar gidana. Don Allah babu wani maneji?"

Musbahu ya sosa ƙeya. Da ma irin masu aikin nan ne da ba sa iya cewa a'a in suka ga kwastoma zai koma wani gareji.

"Akwai. Sai in haɗa maka dairek daga batir, ba ruwanka da fiyus. Amma makulli ba zai kashe famfon ba. In ka tsaya, ka buɗe bonet ka zare wayar."

"Haɗa kawai. In na dawo a yi na gaskiya."

Ya samo wata siririyar waya ya murɗa a kan batir, ya bi da ita gefen robar mai, ya ɗaɗɗaure da leda. Mota ta tashi, ba ta sake mutuwa ba. Isma'ila ya yi ta sa masa albarka.

Washegari da hantsi ya ɗauki hanya, buhuna sun yi tozo a baya. Ya wuce rabin tafiya sai ya ji ƙaurin roba. Wayar ta yi zafi ta narka robar mai, fetur ya fara feshi a kan inji. Kafin ya gangara gefen titi hayaƙi ya turnuƙe, wuta ta leƙo ta gefen bonet.

Ya murɗa makulli, inji ya mutu. Amma daga wajen tanki yana jin famfon na ta gurnani, yana ƙara turo wa wutar mai. Ya sake murɗawa, ya zare makullin gaba ɗaya, a banza. Wayar da za a cire tana can cikin wuta. Ya kai hannu biyu ya cafki bonet, ƙarfen ya kwashe masa fatar tafi.

Manoma suka rugo daga gonaki suna watsa ƙasa. Ina ƙasa za ta yi da fetur da riɗi? Da ƙyar suka riƙe shi, yana fizgewa yana cewa a bar shi ya sauke ko buhu ɗaya. Yana tsaye yana kallo motarsa da guminsa da na maƙwabtansa suka zama toka, babu abin da ya iya sai salati.

A asibiti a Birnin Kudu aka naɗe masa hannuwa. Likita ya ce yatsun dama sun ƙanƙance, da wuya su sake riƙe sitiyari. Matarsa Sadiqa ke ba shi abinci a baki.

Inna Mairama ta zo dubiya. Isma'ila ya so ta yi faɗa, ko ya ji sanyi. Ba ta yi ba.

"Sannu, ɗan nan. Allah ya sa kaffara ne," in ji ta. Sannan ta tambaya a hankali, "Ko buhu ɗaya bai tsira ba?"

Ya juya fuskarsa bango, hawaye na bin kunnensa.

Jama'a, fiyus ba ado ba ne. In yana ƙonewa, gargaɗi yake yi, a nemo dalilin a gyara, kada a tsallake shi. Mai mota ya yi haƙurin gyaran gaskiya, mai gyara kuma ya ji tsoron Allah ya ƙi yin manejin da zai cinye dukiya da lafiyar mutane.