Wanda Ya Toshe Faifan Tafoki

Dakta Abdulƙarim ya zura hannu cikin mazurarin na'urar, ya fito da shi caɓe-caɓe da ɗanyen kashin shanu. Yau ma!

Zamanin kuɗin mai ne, gwamnati ta aro wani ƙaton faifan ƙarfe wurin Turawa, mai kamo amon rediyo daga taurari ko da rana tsaka, ya tara shi a mazurarin da ke tsakiyarsa. Abdulƙarim ne ya nace a kafa shi bisa dutsen bayan garinsu, Tafoki. Farkon fara aiki ya kamo amon wani gungun taurari irin wanda bai taɓa gani a littafi ba. Saura ya sake kamowa ya tabbatar kafin masu kaya su zo ɗauka, in ba haka ba wani ya ci sunan.

Sai ƙazanta ta kunno kai. Da ya sauka masallaci ko kasuwar Yankara, zai dawo ya tarar an cusa kashi cikin mazurarin an shafe bakinsa sumul kamar daɓen tsakar gida. Ga ƙudaje, ga tsutsa, ga wari har cikin wayoyi.

Ya zargi makiyaya. Ya kori maigadi Audi, bawan Allah yana rantsuwa da hawaye. Ba ta sake zani ba.

A gida ma ba mai lallashi. Shi ɗan fari ne, Inna Hajaratu ko sunansa ba ta faɗa.

"Inna, mutanen garin nan ƙazamai ne, mahassada!"

Ta turo masa ƙwaryar fura, ta koma wajen saniyarta.

Danshi ya cinye wayoyin. Turawa suka zo da babbar mota suka kwance kayansu suna toshe hanci. Abdulƙarim ya tofar da yawu, ya rantse shi da Tafoki har abada, ya bi su.

Maƙwabciya Alheri ta shigo yin jaje. Ta iske Inna tana dirje hannu da toka, fuska wasai.

"Jajen mi?" in ji Inna. "Ba ki jin wa'azi? Aljanun da ke satar jin zancen sama, da wuta ake jifassu. Shi kau yaron ga ya kafa wa sama kunne ƙiri-ƙiri. Gwiwata ta sha hawan dutse, amma gara in toshe kunnen, yaron ya bar garin, da a ƙone mani ɗa."