Ƙaramin Biyun da Ya Ɓace a Allo

Ku gafarce ni, ban taɓa rubuta labari ba. In na yi tuntuɓe a yi min uzuri.

Sabuwar malama ta rubuta ZnCl a allo, ta juyo tana bayani. Mai duba malamai na zaune a bayan aji. Da wannan darasin za a ɗauke ta aiki ko a sallame ta.

Shiru-shiru ta ƙura wa allon ido. Ɗalibar layin gaba ce, wadda ko sunanta aka kira sai ta sunkuyar da kai. Ta san zink hannu biyu gare shi, kuloraid hannu ɗaya, don haka sai kuloraid biyu ke riƙe shi. An manta ƙaramin biyun.

Mai dubawa ya fara laluben tabarau a aljihu.

"Malama, zan je bayi," in ji Shiru-shiru.

"Yanzu? Ke dai ba ki da ta-ido. Wuce!"

Aji ya kwashe da dariya. Tana wucewa ta ture gwangwanin alli. Idanu suka koma ƙasa, malama ta duƙa tsincewa, ita kuwa ta ɗauki guntun alli ta ɗiga 2 a gindin Cl.

Mai dubawa ya saka tabarau, ya karanta, ya gyaɗa kai.

Malama ta ɗago ta ga biyun. Ta san wannan karkataccen rubutun. Ita ta kama hannun da ya fara yin sa, a kan tabarmar ɗakinsu.

Kafin kowa ya lura, Shiru-shiru ta goge yatsunta ta sulale waje, tana addu'ar kada malamar, Ummanta, ta yi kuka a gabansu.