Ƙwayar da Ke Cin Gashin Kaji

Tanki na ƙarshe ya mutu da safe. Da aka ɗaga murfinsa, maimakon kumfar nan mai tsami da aka saba gani, sai ga wani baƙin ruwa mai yauƙi ya kwanta lamo, ɗoyinsa ya kora ma'aikata waje suna kakarin amai.

Mai mayankar kajin, wanda ma'aikata ke kira Mai Turare, ya tsaya can nesa da hankici a hanci. Mutum ne mai ƙyanƙyami na fitar hankali, ko hannu ba ya ba masu figa. Duk inda ya zauna sai ya ce yana jin wari, a ofis, a mota, har a ɗakin barcinsa. Ya sallami masu shara ba adadi, ya canza labule, ya canza kafet, wari dai yana nan daram. Shi kuwa ya rantse gashin kajin ne ke bin sa har gida.

Gashin ma dai abin a tsana ne. Tsibi guda a bayan mayanka, jiƙe sharkaf da jini da kashi, tsutsa na ninƙaya a ciki, ƙudaje sun yi masa rumfa. Tir! Jami'in muhalli ya riga ya ja masa kunne: tsibin nan ya sake tashi, to zai garƙame wurin, kowa ya kama gabansa.

Abin da ya rufa masa asiri tun bara shi ne aikin yayarsa, masaniyar ƙananan halittu. Ita ta samo wata ƙwaya da ido ba ya gani. A tanki take kiwonta, da ɗumi da iska, har ta tsimu ta yi kumfa, sannan a tace ruwan. Sinadarin da ke cikin ruwan, da an kwarara wa gashi sai ya narke ya zama taki. Ta taɓa gaya masa ƙwayar ba ta da abinci sai gashi da farce da matacciyar fata. Ya ce don Allah ta yi masa shiru, abinci zai ci.

Yanzu ga tankuna duk sun mutu, irin da aka adana a firji ma ya lalace da aka ɗauke wuta. Tsibi kuma har ya fara leƙo kan katanga.

Ya faɗa ɗakin gwaji da sau-cikinsa, ko kallon inda ake tuɓe takalma bai yi ba. Shi ba ya taka inda wasu suka taka.

"Yaya, sai ki koma inda kika samo ta tun farko."

"Ba za ka so jin wurin ba, Auta."

"Juji ne? Kwata? Masai? Ko ramin da ake jefa mushe?" Yana lissafi yana yatsine fuska. "Ko ina ne, ki tura a ɗebo. Ni dai kada a raɓe ni da shi."

"Duk na gwada waɗannan. Ƙwayoyinsu ragwaye ne."

"Innalillahi! Wace irin ƙazanta ce kuma ta fi masai?" Ya tofa yawu a hankici. "Wallahi mai wannan wurin ɗauri ya kamace shi. Amma ki yi sauri, jami'in nan ba shi da mutunci."

Yayar ta dube shi ta girgiza kai. Ta sallami ma'aikata, ta rufe ƙofa, ta buɗe tagogi duka. Ta sa safar hannu, ta ɗaura takunkumi, ta yi tunani ta ƙara wani a kai. Sannan ta ɗauko tsinken auduga, ta jawo masa kujera.

"Zauna ka cire safa," ta ce, "bara kana barci a falona na ɗebo ta daga tsakanin yatsun ƙafarka."