Tsoho a Gaba

Tun da aka harba bindiga Tsoho yake gaba, kamar kullum. Sauran 'yan tseren suna bin diddigensa a jere, babu wanda ya yi yunƙurin wuce shi. Mai sharhi kuwa sunan na biyu yake ta zubawa a lasifika, wani matashi mai sabon takalmi da kowa ke kira Zakara.

Tsoho ya saba. Shekara da shekaru yana jan gaba a manyan gasanni, amma falonsa ko lambar tagulla babu. Da safen nan 'yarsa tana miƙa masa jaka ta ce, "Baba, wai kai ba ka taɓa kaiwa ƙarshe ba ne?" Ya karɓi jakar ya fita, maganar tana cinsa.

Ana saura zagaye uku, daidai kwanar da gudunsa ya saba ƙarewa, koci ya fito bakin layi yana ɗaga masa hannu.

"Ya isa, Tsoho. Fito."

Gwiwarsa tana zugi, ƙirjinsa kamar an hura wuta. Ya dubi ciyawar gefen fili, inda ya sha zubewa yana kallon bayan wasu. Haushi ya turnuƙe shi. Maimakon ya fita, sai ya ƙara mai.

Koci ya bi shi da gudu ta gefe. "Ka haukace ne? In ba ka fito ba, ka nemi wani aikin."

To, a nema ɗin. Yau dai sai ya ga layin ƙarshen nan da idonsa.

A zagayen ƙarshe Zakara ya matso kafaɗarsa yana haki. "Haba Baba, kauce mana."

"Wuce ni in ka isa."

Yaro ya yi ya yi, ƙafa ta ƙi. Tsoho ya tsinke zaren layin ƙarshe da ƙirjinsa, ya zube a ƙasa yana dariya. Mai sharhi yana ta lalube ko wani ya san sunansa, koci ya jefar da agogonsa ya juya baya.

Ai ba don ya ci gasa ake ɗaukar Tsoho ba: hayarsa ake yi ya ja wa Zakara gudu, ya tare masa iska, in an kusa ƙarshe ya kauce ya ba shi hanya.