Murhun Verna

Dwight ya durƙusa bayan talabijin yana lalubar waya, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, alhali ƙanƙara ce ke zuba a waje. Verna ta dube shi daga kujerarta ta taɓe baki. Shekara da shekaru yana auren 'yarta, ba ta taɓa ganin ya ɗauki wani aiki ya kai shi ƙarshe lafiya ba.

Aikinsa na yau kuwa shi ne ya raba ta da gidanta.

Madam Prentiss, ma'aikaciyar jinyar da aka turo ta duba ƙwaƙwalwar Verna, tana zaune da kofinta a cinya tana jira. In ta ce tsohuwar ba za ta iya zama ita kaɗai ba, shi ke nan, sai gidan kula da tsofaffi na bayan gari, inda ake buga ƙararrawa kafin mutum ya ci abinci. Hujjar tana cikin wani ɗan baƙin akwati mai girman sabulu, inda ake tara bidiyon kyamarar da Dwight ya kafa a kicin tun farkon sanyi, wai don lafiyarta.

Lafiyarta ta dame shi, shi da bai taɓa kwashe mata ƙanƙarar ƙofar gida ba. Verna ta san irinsa. In ya shigo, idonsa na kan rufi da bango, kamar mai ƙiyasta abin da gidan zai yi a kasuwa.

Abin da ke cin ranta shi ne ba ta da bakin musu. Ba sau ɗaya ba ta farka daga barcin rana ta tarar murhu na ci, babu ko tukunya a kai. Ta tsinci makullanta a firiji. Ba ta tuna ta yi ko ɗaya, kuma wannan ya fi komai ba ta tsoro. Jolene ce rufin asirinta, 'yarta tilo, wadda kullum take shigowa da nata makullin ta kashe wutar, ta rungume ta tana kuka, munduwar azurfar da Verna ta ba ta ranar aurenta tana taɓa mata wuya da sanyi.

Kwamfutar da Dwight ya kinkimo ta ƙi haɗuwa da tsohuwar talabijin. Ramin da ya karɓi wayar akwatin ɗaya ne tak a falon, a jikin na'urar DVD da marigayi mijin Verna ya saya.

"Verna, wannan na'urar taki ai ta kusa girme ni," in ji Dwight.

"Ta dai fi ka aiki."

"Mama, don Allah," Jolene ta ce a hankali. "Dwight, ƙyale shi, mu kalla a kwamfutar kawai."

"In haukana za a nuna, a nuna shi inda idona zai gani," in ji Verna.

Allon ya yi shuɗi, jakar bidiyo biyu suka fito. Ɗaya an sa mata suna Mama, wadda Jolene ta zauna ta tsara da kanta, ta tace abin da ya kamata baƙuwa ta gani don kada a tozarta uwarta fiye da kima. Ɗayar sunanta wasu haruffa ne marasa kan gado. Dwight ya ɗora ƙaton yatsansa a kan rimot ɗin da rubutunsa ya goge, kuma kamar yadda Verna ta zata, jakar da ba ita ba ya buɗe.

"Ba wannan ba," in ji Jolene. "Na share waɗannan, babu komai a ciki."

"Kwandon shara ne," Dwight ya ce, har da washe baki don yau ya san wani abu. "Kwamfuta ce ke ɓoye shi. Wannan tsohuwar na'urar ba ta san ɓoyo ba, duk abin da ta tarar zube shi take yi."

Ya danna maɓallin komawa baya. Maɓallin ya daɗe da mutuwa. Verna ta sani, ta ƙyale shi yana ta dannawa.

Ta zuba masa ido. In akwai abin da aka jefa a shara, to akwai wanda yake son a jefa shi, kuma kyamarar tasa ce. Wani zargi da ba ta taɓa yarda ta furta ba ya taso mata, cewa shi ne ke kunna murhun. Ta nemi tsoro a fuskarsa ba ta samu ba, sai wautar nan da ta saba gani. Sakaran ko tsoro bai iya ji a kan lokaci ba.

Jolene ta miƙe za ta zare wayar daga bango.

"A bar shi tukuna," in ji Madam Prentiss, ta ajiye kofinta.

Bidiyon farko ya fara da kansa, kicin ya bayyana a allon, hasken rana a kan murhu, babu kowa. A cikin bidiyon ana jin minsharin Verna daga falo. Makulli ya juya a ƙofar baya, aka shigo ba sallama, takun mutum a sanɗa. Verna ta gyara zama, ta riga ta tanadi kalaman da za ta watsa wa surukinta a gaban baƙuwa, jira kawai take ta ga ƙaton agogonsa.

Hannu ya shigo cikin hoton, ya murɗa murhun a natse har shuɗiyar wuta ta tashi, kuma a wuyan hannun munduwar azurfa ce ke sheƙi.