Ramin da Labaran Bai Haƙa Ba

Rahoton ya sake dawo wa Labaran babu sa hannu.

Gwajin ƙasa ne aikinsa. Kafin a kafa bene a Makka sai an haƙa ramuka, an ɗebo ƙasa da dutse, an tabbatar wurin zai ɗauki nauyi. Labaran ya iya aikin, ba ƙarya. Lasisi ne ba shi da shi. Tun da ya ji kuɗin rajista da na jarabawa da na sabuntawa ya ce wannan ai yankan aljihu ne da rana tsaka. Sai ya zama shi ke haƙa, ya rubuta, ya miƙa wa wani ofis a unguwar Aziziyya, mai lasisin can ya duba ya sa hannu, a raba ladan aiki.

Bai taɓa ganin mai lasisin ba. Talal, manajan ofishin, shi ke kai saƙo ya kawo. Amma Labaran ya gama zana mutumin a ransa: tsoho mai tumbi, wanda bai san zafin rana ba.

Saƙon wannan karon gajere ne: ramin gefen kwari ba a haƙa shi ba.

Gaskiya ce kuwa. Ranar Alhamis rana ta yi ƙuna, ya leƙa filin daga cikin mota, ya kwafe alƙaluman ramin da ke kusa, ya dawo gida ya miƙe ƙafa. Takalmin aikinsa ma ko ƙura bai ɗauka ba. To wa ya kai gulma? Ya zargi direba, ya zargi mai gadi, har wayarsa ya yi wa kallon tuhuma.

Ga ɗan kwangila ya kafe: masaukin alhazai zai gina, in babu rahoto ranar Lahadi a nemi wani. In aikin ya tafi, iƙamar Labaran, takardar zamansa a ƙasar, za ta bi bayansa.

A kan matarsa Manal ya juye haushin. Haifaffiyar unguwar Misfala ce a nan Makka, kuma ilimin ƙasa ta karanta a Jidda kamar yadda shi ya karanta a ƙasarsu. Shekarun baya da ta nemi ya biya mata lasisi, dariya ya yi har da riƙe ciki. Shi mai fita rana bai biya ba, sai ita? Ba ta ja da shi ba. A watan ne awarwaronta na zinare suka bar hannunta, ta ce suna wurin maƙeri. Bai ƙara tambaya ba, Labaran ba ya son tambayar da ka iya jawo masa kashe kuɗi.

"To ka je ka haƙa mana, Abu Lujain," in ji ta, da sunan 'yarsu take kiransa irin na Larabawa, tana zuba masa shayi. "Can ne fa ruwa ke bi, kuma mutane za su kwana a ginin."

"Ke ma bakinsa za ki ara? Gobe zan same shi, sai ya faɗa mini wanda ke kai masa zance."

"Allah ya kai mu. Ni ma zan leƙa Ummi a Misfala kamar kullum. In za ka dawo ka sayo mana burodin tamis."

Washegari ya sa babbar riga, ya hardace maganganu masu zafi a hanya. Talal ya yi ta ba shi haƙuri, Labaran ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu sai ya shiga. Talal ya danne murmushi, ya tura masa ƙofar.

Mai lasisin ta ɗago kai daga rahoton, ta miƙo masa shi da hannun nan da ya daɗe babu awarwaro, ta ce, "Ramin tukuna, Abu Lujain, sannan tamis ɗin."